Gwajin taki a lambun albasa: layi-layi za mu yi ko ƙuri'a?

Sakataren_Meskin

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni ke riƙe da littafin ƙungiyarmu ta manoman albasa a Meskin, nan kusa da Marwa a arewacin Kamaru, a bakin kogin Mayo Tsanaga. Bana mun ce musun taki ya ishe mu, za mu gwada da hannunmu. Taki ya yi tsada, kowa kuma da abin da yake rantsuwa da shi. Wani ya ce kashin kaji ba shi da na biyu, wani ya ce in ba NPK da yuriya ba to wasa ake yi.

Wani dattijo cikinmu ya ba mu aron lambu. Rijiya da injin suna can ɓangaren mayo, babbar magudana ta taso daga nan ta bi gefen gabas ta miƙe. Fangali 30 ne: sahu shida, kowane sahu fangali biyar, kowane sahu da 'yar magudanarsa. Sahun farko yana gindin injin, ƙasarsa mai laushi ce da ɗan yashi. Na shida yana can ƙurya inda ƙasa ta fara komawa laka mai tsagewa, ruwa ma kafin ya kai can ya yi sanyin gudu. A gefen yamma akwai itatuwan darbejiya, da la'asar inuwarsu na faɗowa cikin lambun.

Abubuwa biyar muke so mu gwada a kan irin albasa na Gudami: takin shanu, kashin kaji, NPK 20-10-10 shi kaɗai, NPK da ƙarin yuriya (wanda yawancinmu muka saba), sai rabin NPK haɗe da takin shanu.

Shugabanmu ya ce tunda layi biyar ne taki biyar, a ba kowane taki layinsa, daga gindin injin har ƙurya. Ya ce kowa ya samu fangali shida, kowa ya ɗanɗana kusa da nesa, kuma baƙo in ya zo da ido zai ga bambanci. Wani yaronmu da ya yi karatun lise, wato babbar sakandare, ya ce a'a, a rubuta lambobi 30 a zuba a hula a ja, duk inda taki ya faɗa shi ke nan. An kusa tashi baram-baram. Ni dai maganar shugaba ta fi kwanta mini don sauƙin aiki, amma littafin a hannuna yake, kuma ni za a tambaya ranar da sakamako bai yi wa wani daɗi ba. Wanne ne daidai? Dashe ya matso.

Malamar_Lissafi_Garwa

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya sa albarka a wannan niyya. Shugabanku da yaron nan kowa ya riƙo wani yanki na gaskiya, amma ba zan ɗauki tsarin ko ɗayansu yadda yake ba.

Shugaba ya yi tunanin ruwa, wannan kam a yaba masa. Abin da ya manta shi ne layin yamma. Duk takin da aka ba wannan layi zai sha inuwa, ga saiwar darbejiya na ja masa ruwa ta ƙasa. Ranar awo in kashin kaji ya zo na ƙarshe, wa zai ce maka takin ne ko itacen ne? Sun zo a manne, babu lissafin da zai ɓamɓare su daga baya. Akwai kuma abin da ya fi wannan ɓuya. Fangali shida a layi guda ba gwaji shida ba ne. In a da can shanu sun taɓa kwana a wannan zirin, ko an taɓa baje suri a wurin, duka shidan abin ya shafa tare. Gwaji ɗaya ka yi, ka auna shi sau shida.

Kada shugaba ya ji kunya, ba shi ya fara ba. A tashar binciken gona ta Rothamsted a Ingila akwai gonar alkama, Broadbalk, tun 1843 aka tsara ta kowane taki da dogon zirinsa, har yau ana nomanta. Ronald Fisher ya kama aiki a tashar a 1919, aka zube masa alƙaluman shekara da shekaru, kuma daga wannan aikin ne ya fito da tsarin da zan faɗa maka, ya wallafa shi a 1926. Malaman gona na nan Kamaru da Cadi bulok ɗin Fisher suke ce masa.

Ƙuri'ar yaron ba ta da son kai, wannan shi ne kyawunta. Amma hula ba ta san lambunku ba. Tana iya ba takin shanu fangali huɗu a gindin injin, ta tura yuriya can cikin laka. Ko da ba ta yi hakan ba, duk bambancin da ke tsakanin sahun farko da na shida zai shiga cikin abin da muke kira kuskuren gwaji, ya kumbura shi, har ƙaramin fifikon da wani taki yake da shi ya nutse a ciki. Kai ka riga ka san ruwa da ƙasa sun bambanta daga sahu zuwa sahu. Abin da ka sani ba a barin sa a hannun sa'a.

Ga abin yi. Kowane sahu ka ɗauke shi rukuni guda. A cikin kowane rukuni duka takin biyar su bayyana, kowanne sau ɗaya. Wurin da kowanne zai zauna a cikin sahun, nan ne aikin hula: takarda biyar, a kira ƙaramin yaro ya ja, na farko fangalin gabas, a haka har yamma. A mayar da takardun a sake girgizawa don sahu na biyu, har sau shida. Abin da ya fito a rubuta nan take. Kada wani ya ce wannan bai yi kyan gani ba a musanya, daga nan son rai yake shigowa.

Dalilin abin ba shi da wuya. A filin kokawa ba a haɗa yaro da ƙato, sa'a da sa'a ake haɗawa, sannan a san gwani. Fangalin da ke sahu ɗaya sa'o'in juna ne, ruwansu ɗaya, ƙasarsu kusan ɗaya. Bari in ƙirƙiri lambobi don misali kawai, taki biyu, sahu uku:

Sahun kusa: A kilo 30, B kilo 33
Sahun tsakiya: A kilo 24, B kilo 28
Sahun ƙurya: A kilo 18, B kilo 20

In ka zuba su kwarya ɗaya, A ya taso daga 18 zuwa 30, B daga 20 zuwa 33. Sun shiga juna sosai, mai musu zai ce ai ga A mai 30 ya doke B mai 28 da mai 20. Amma duba su sahu-sahu: B ya fi da 3, ya fi da 4, ya fi da 2. Bai faɗi ko sau ɗaya ba, kuma ratar ba ta yi nisa da juna ba. Tazarar kilo goma sha wani abu da ke tsakanin kusa da ƙurya ta fita daga lissafin, don ba a taɓa gwada fangalin kusa da na ƙurya ba.

Abu biyu a kiyaye. Rukuni a gicciye yake kwanciya, ba ya bin hanyar da ƙasa ke sauyawa. In ka ɗauki layi daga injin zuwa ƙurya ka kira shi rukuni, ka tara mabambanta a ɗaki ɗaya, ba ka yi komai ba. Tsakanin rukuni da rukuni kuwa, su bambanta iya son ransu, ba damuwa. Na biyu, ranar lissafi a rubuta lambar sahu kusa da kowane awo, wanda zai yi muku ANOVA (lissafin da ke nuna ko bambancin takin na gaske ne ko na sa'a) a kwamfuta ya sa ta a ciki. Na sha ganin ɗalibai sun tsara fili da kyau, sun zo wurin lissafi sun jefar da rukunin, wahalar ta tafi a banza.

Ɗan_Kusiri

Malama, a gafarce ni, ɗalibi ne ni a fannin noma, amma ina ganin an bar darbejiyar nan a baya. A tsarinki kowane sahu yana da fangali ɗaya a yamma, hula kuma tana iya jefa kashin kaji can sau uku cikin shida. Ke kika ce abin da aka sani ba a barin sa ga sa'a. To inuwar ma ai an san da ita.

Yaya Sakatare, lambunku kamar don murabba'in Latin aka yi shi. Taki biyar, layi biyar, ku ɗauki sahu biyar ku bar na shida. A tsara yadda kowane taki zai fito sau ɗaya a kowane sahu, sau ɗaya kuma a kowane layi. A fara da A B C D E, sahu na biyu B C D E A, na uku C D E A B, a haka. Sannan a yamutsa jerin sahun da ƙuri'a, a yamutsa na layin, a kuma ja wane taki ne A wane ne B. Kowa ya sha inuwa sau ɗaya, kowa ya zauna gindin injin sau ɗaya.

Ba kyauta ba ne, na sani. Guraben da za su rage a lissafi don auna kuskure (iya yawansu, iya ƙarfin gwajin) 12 ne, a tsarin Malama kuwa 20. Amma in inuwar tana rage amfani da gaske, cinikin ya biya.

Baba_Mai_Lambu_Gazawa

Ɗana ne ke rubuta mini, ni nake faɗa. Ban san Latin ba, amma na san ruwa.

Sakatare, ɗana, yaya kuke ban ruwa? In irin na ragwaye ne, a cika fangali ɗaya a fasa kunya ruwan ya wuce na gaba, to ku bar wahalar da yaro da hula. Yuriya narkewa take yi ta bi ruwa. Wanda ka ce takin shanu kaɗai ya ci, da dare ya sha romon maƙwabcinsa. Kowane fangali a buɗe masa bakinsa daga magudana, a toshe in ya cika, kunyar tsakani kuma a ɗaga ta ta yi kauri. Ranar cira kada ku auna albasar bakin kunya, ta tsakiya za ku auna.

Sai iri. Ƙungiya ba ta rena iri a wuri ɗaya, na san halinmu. Wani ya yafa da wuri, wani ya makara, wani nasa ya yi kauri kamar tsinken sakace, wani kamar gashi. In mai kauri ya faɗa wa taki ɗaya, kun yi gwajin iri ne. Haka masu dashe: akwai matar da hannunta ke nutsa iri da zurfi, akwai mai matse tsakani don ta gama da wuri. Wannan duk mai lambu ya sani.

Kuma ku gaya wa malamai, albasa ba ranar cira ake sanin ta ba. Wadda ta sha yuriya da yawa a ƙarshe ganyenta kore shar, wuyanta kauri, a sikeli ta fi kowa. Ka ajiye ta ka jira kasuwa ta tashi, ita ce farkon ruɓewa. Mu da muke ajiya har damina, wannan ne lissafinmu.

Sakataren_Meskin

Na gode ƙwarai, Malama, Baba, da ƙanena na Kusiri. Na koma lambun da la'asar na tsaya na duba inuwar da idona. Darbejiyar uku ce, kuma ba su bi gefen yamma duka ba, suna daidai sahu na huɗu zuwa na shida ne. Fangalin yamma na waɗannan sahu uku inuwa tana rufe su tun rana da sauran ƙarfi. Na kusa da su ba ta taɓa su sai dab da magariba. Na sa fartanya a fangalin yamma na sahu na biyar, ban yi zurfin taƙi ba na ci karo da saiwa, jajaye sirara, sun yi saƙa a ƙasan. A na sahun farko ba ko ɗaya.

Baba, ka faɗi gaskiya, wuri biyu aka rena irin, ɗaya ya girmi ɗaya. Ban ruwa kuwa ta magudana muke yi, sai dai yaran in sun gaji sukan fasa kunya. Zan tsaya a kansu.

To yanzu murabba'in ne ko sahu-sahu? Sannan me zan gaya wa shugaba? Shi damuwarsa mutanen ƙauyukan da ya riga ya gayyata su zo su gani, ya ce in an barbaza taki ko'ina ba abin da ido zai kama.

Malamar_Lissafi_Garwa

Madalla da wannan dubawa, Malam Sakatare, ita ta raba gardamar. Ɗan Kusiri ya kama ni da gaskiya a kan inuwa, kuma da itatuwan sun jeru tun daga injin har ƙurya da na ce ku bi shawararsa. Murabba'in Latin yana aiki ne in illar layi iri ɗaya ce daga sama har ƙasa. A nan layin yamma rabinsa lafiya lau, rabinsa a ƙarƙashin itace. Murabba'in zai ɗauki matsakaicin layin ya rage wa kowa daidai, alhali taki biyu ne kawai suka sha wuyar, ukun da suka faɗa fangalin yamma na sahu na ɗaya zuwa na uku ba abin da ya same su.

Shawarata ku fitar da layin yamma daga gwajin gaba ɗaya. Ku dasa shi kamar kullum, ku ci albasarsa, amma kada ya shiga littafi. Ya rage fangali huɗu a kowane sahu, sahu shida, fangali 24.

Fangali huɗu, taki biyar. Hanya biyu ce. Akwai tsarin da Frank Yates, abokin aikin Fisher a Rothamsted, ya fitar a 1936, inda rukuni ba ya ɗaukar duka abubuwan gwaji. A naku zai zama sahu biyar, kowane sahu a bar taki ɗaya a waje, kowa da ranar hutunsa. Kowane taki ya fito sau huɗu, kowane biyu sun haɗu a sahu ɗaya sau uku. Tsari ne mai kyau, amma matsakaicin da za ka fitar da biro ba zai zama daidai ba sai an gyara shi, don takin da ya huta a sahun ƙurya ya tsallake wuri mafi wuya. Ka yi tunanin tsayawa gaban 'yan ƙungiya kana bayanin dalilin da ya sa aka rage wa kashin kaji lamba bayan awo. Ni ba zan so in zama kai ba a ranar.

Don haka na fi son ku sauke ɗaya, ku yi huɗu a sahu shida. Guraben auna kuskure 15, sun isa, kuma kowa zai iya bin lissafin da idonsa. Wanda za a sauke ku kuka san aljihunku, amma NPK da yuriya ba ya fita. Shi ne abin da kuka saba, shi ne shaidar da za a gwada sauran da shi. In da ni ce, NPK shi kaɗai zan ajiye sai baɗi.

Maganar Baba kuwa ita ce rabin darasin da ban kawo ba. Rukuni ba na ƙasa kaɗai ba ne. Duk abin da ba za ku iya daidaita shi a lambun duka ba, ku daidaita shi a cikin sahu. Babban iri ya tafi sahu uku, ƙarami sahu uku, kada a gauraya a sahu ɗaya. Mai dashe ɗaya ta gama sahu guda da hannunta. In dashen ba zai ƙare rana ɗaya ba, a tsaya a ƙarshen sahu, ba a tsakiyarsa ba, kuma kada a ce yau ranar takin shanu ce gobe ta kaji. Cire ciyawa, feshi, cira, awo, duka haka. Da wannan, bambancin iri da na hannu da na rana duk sun hau kan sahu, sun fita tare da shi a lissafi. Ba za ku iya cewa sahu na shida ya gaza don laka ko don ƙaramin iri ba, amma ai ba tambayarku ke nan ba.

Shugaba a ba shi abin da yake so ta wata hanya. A kafa turke a kowane fangali, a shafa fenti, kowane taki da launinsa. Baƙo ya tsaya a bakin sahu ya ga huɗun kafaɗa da kafaɗa, ya matsa sahu na gaba ya sake gani. Ranar cira kuma a tara tsibi huɗu a gabansu bayan an gama awo. Mai riƙe sikeli dai lambar fangali kawai za a faɗa masa.

In wani fangali ya lalace, awaki sun shiga ko ruwa ya kwanta, ka rubuta abin da ya faru ka bar gurbin fayau. Kada ka cike shi da ƙiyasi, mai lissafi ya san yadda zai yi da shi.

Ɗan_Kusiri

Na sallama, Malama, ban san itatuwan rabin gefe suka tsaya ba. Yaya Sakatare, in kun yi awon ka turo mini lambobin, sahu, taki da kilo, zan saka a kwamfuta.

Ajiyar da Baba ya kawo ma a yi mata haka. Daga kowane fangali a ƙirga albasa adadi ɗaya, a ce 50, masu lafiya, a auna, a sa a buhun raga da lambar fangalin a ciki da waje. A ɗakin ajiya kantar sama ta fi zafi, ta bakin ƙofa ta fi shan iska. To buhu huɗun sahu ɗaya su zauna kanta ɗaya, a ja musu wuri da hula. Kowane wata a fitar da ruɓaɓɓu da masu tsiro a ƙirga, a sake auna sauran, duka a rana ɗaya.

Sakataren_Meskin

An zauna bayan sallar Juma'a. An sauke NPK shi kaɗai, shugaba ya yarda da fenti, ya ce ja na yuriya ne kada kowa ya taɓa masa. Jikar mai lambun ce ta ja takardun. Kashin kaji ya faɗa fangalin bakin babbar magudana a sahu uku a jere, mai goyon bayan takin shanu ya ce a sake, na ce an riga an rubuta. Babban irin zai tafi sahu na ɗaya, na uku da na biyar. Baba, kaurin kunyar tsakani, taƙi biyu ya isa ko a ƙara?